Gasa burodi da masar ƙasashen duniya a gida: tambayoyin da ƴan Yamai suka fi yi

Tun da wayar hannu ta fara kawo mana hotunan girkin duniya har cikin ɗaki, matan Yamai da yawa suka shiga sha'awar gwada burodin wasu ƙasashe a gida. Sai dai mafi yawan masu koyarwar nan a ƙasashen sanyi suke, ga fur, wato tanderun zamani, na kuran, ga sikeli, ga fulawa iri-iri a ajiye. Mu kuwa kasko ne da tanda da gawayi, da rana mai wuce digiri 40 a watan Afrilu. Shi ya sa tambayoyin da ake yi mini kusan kullum iri ɗaya ne. Ga su nan da amsoshinsu. Na yi magana da mace domin mata suka fi tambaya, amma maigida da samari, ku ma da ku ake.

Ba ni da fur. Shi ke nan ba ni ba burodi?

Ko kusa. Wannan tunani ya shige mu ne don burodin da muka buɗi ido muka gani shi ne baget ɗin da Faransawa suka bar mana, wanda sai da babban tanderun gidan burodi. Amma ki leƙa sauran duniya. Capati na Indiya a kan faffaɗan kaskon ƙarfe ake gasa shi, tortiya ta Meksiko ma haka. Injera ta Habasha a kan faifan yumɓu take nuna, kisra ta Sudan a kan farantin ƙarfe, baghrir na Maroko da Aljeriya a kasko. A arewacin ƙasar Sin kuwa, burodinsu na kullum, mantu, turara shi ake yi yadda muke turara dambu. Ɗaruruwan miliyoyin mutane suna cin burodin da bai taɓa shiga fur ba.

Tandar masa ma ba mu kaɗai ke da ita ba. Mutanen Holan da Danmak suna da kasko mai ramuka irin nata, kuma a kudancin Indiya suna zuba ƙullun shinkafa da ya kwana a irin wannan kasko, abin da ke fitowa da kin gan shi za ki ce masa ce. Don haka nake cewa duk matar da ke gane ƙullun masa ya tashi da ido da hanci, ta riga ta san abin da ya fi wuya a harkar burodi. Abin da ya rage mata shi ne awo da sanin halin alkama.

Wace fulawa zan saya?

A jikin fulawar da ta bi tsarin Faransa za ki ga lamba, 45 ko 55 ko 65. Gwargwadon girman lambar, gwargwadon yawan dusar da ta rage a garin. Lamba 55 ita ce ta burodi, 45 ta fi dacewa da kirep da kek. In a kasuwa kike awo, a Wadata ko Katako, inda ba lamba sai buɗaɗɗen buhu, ki nemi irin wadda masu gidan burodi ke saye, ki shinshina kafin ki biya. Mai warin ajiya ko mai ƙwari ki bar ta, kuma kowace iri ce ki tankaɗe.

Abin da ya bambanta alkama da sauran hatsi shi ne danƙo. Tana da wasu sinadaran furotin guda biyu waɗanda, in sun sha ruwa aka murza su, suke haɗuwa su zama danƙon da ke tsare iska a cikin kwaɓi. Fulawar burodi takan ƙunshi furotin kashi 10 zuwa 12 cikin 100. In kin samu alkamar gida, irin wadda ake nomawa da rani a fadamun Konni ko lambunan Abzin, kika kai inji, kin samu garin da ya fi kowanne dacewa da capati. Ki dai tuna ya fi farar fulawa shan ruwa.

A butik an ba ni leda biyu, duk an ce masu tayar da kwaɓi ne. Ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne, kuma nan ne sababbin shiga suka fi yin asara. Wadda aka rubuta wa levure boulangère ita ce yis. Abu ne mai rai, yana cin sukarin da ke cikin gari yana fitar da iska sannu a hankali, don haka sai an ba shi lokaci. Wadda aka rubuta wa levure chimique kuwa bekin fauda ce, haɗin bikarbonat da wani garin tsami, tana aiki da zarar ta ji ruwa da wuta. Wani Bature ɗan Ingila, Alfred Bird, ya haɗa ta a 1843 saboda matarsa ba ta jituwa da yis. Ƙaramar ledarta ta giram 11 an yi ta ne don rabin kilo na fulawa. Yis na burodi da fanke ne, bekin fauda ta kek da fankek.

Zafi yana kashe yis ɗin da aka buɗe aka bari a kanta. In kina shakka, zuba ƙaramin cokali ɗaya a rabin kofin ruwa mai ɗumi da ɗan sukari. Bayan minti 10 in bai yi kumfa ba, kada ki ɓata fulawarki.

Na bi bayanin daidai, an ce a bar shi awa biyu. Na dawo na tarar ya tashi ya faɗi, ga tsami. Me ya faru?

Zafin garinmu ne, ƴar'uwa, ba hannunki ba. Yis ya fi son kwaɓin da ke tsakanin digiri 24 da 28. Wanda ya rubuta "awa biyu" a ɗaki mai digiri 21 yake zaune, ke kuwa madafarki a bazara takan wuce 35. Duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana kusan ninka saurin aikin yis, don haka awa biyunsa a wurinki ba za ta cika awa ɗaya ba. Idan kwaɓi ya wuce lokacinsa, yis ya cinye sukarin, tsami ya yi yawa, danƙon ya saki, sai burodin ya fito a kwance, fari fat, ba ya yin ja ko an daɗe ana gashi.

Daga Maris zuwa Yuni, ki kwaɓa da ruwan randa ko na firigo. Masu gidan burodi a ƙasashen zafi har ƙanƙara suke sawa. Ki rage yis zuwa rabin abin da aka rubuta. Ki yi kwaɓin da asuba ko bayan isha'i, ki ajiye kwanon a inuwa kusa da randa, ki lulluɓe da jiƙaƙƙen zane. In kina da firigo kuma kuran ya zauna, ki bar shi ya kwana a ciki, domin kwaɓin da ya tashi a hankali ya fi ɗanɗano nesa ba kusa ba.

Sannan ki daina kallon agogo, kwaɓin za ki kalla. In ya kusa ninka girmansa, ki dangwala yatsa a gari ki danna shi. In ramin ya cike nan da nan, da saura. In ya taso a hankali ya bar ɗan gurbi, lokaci ya yi. In ya lotsa bai dawo ba, ya wuce. Wanda ya wuce ɗin ma ba na zubarwa ba ne: ƙara masa fulawa da ɗan gishiri, ki murza shi fale-fale ki gasa a kasko.

To da hunturu fa?

Matsalar ta juya. Daren Disamba da Janairu yakan sauka kusan digiri 15, sai ki kwaɓa da ruwa mai ɗumi, irin wanda yatsa zai zauna a ciki ba ƙuna. Ruwan da ya wuce digiri 55 kashe yis yake. Babban abokin gaba dai iska ce: tana busar da saman kwaɓi ya yi ɓawo, ɓawon ya hana shi kumbura. Zane kaɗai bai isa ba, ki shafa wa kwaɓin mai ki rufe da leda ko murfi. Fulawar ma ta fi bushewa a lokacin, za ta nemi ƙarin cokali biyu ko uku na ruwa.

Ba ni da sikeli. Yaya zan auna?

Ki riƙe wannan a kai, ya isa kusan kowane burodi: kilo 1 na fulawa, ruwa mililita 600 zuwa 650, gishiri giram 20, yis giram 10. Ledar piya-wata galibi rabin lita ce. Ƙaramin cokali a shafe yana ɗaukar gishiri kusan giram 6, yis kusan giram 3. Fulawa ce ke da wuyar awo da kofi, don wata takan danna, wata takan zuba sama-sama. Ki sa mai kanti ya auna miki rabin kilo, ki juye a gwangwani ki yi alama. Amma in har abin ya shiga ranki, ƙaramin sikeli ya fi kowane kayan aiki amfani.

Da wanne ya kamata in fara?

Da capati. Ba yis, ba jira, kuma shi zai koya wa hannunki danƙo. Fulawa rabin kilo, ruwa mai ɗumi mililita 300, gishiri ƙaramin cokali 1, mai babban cokali 2. Ki murza minti 8 zuwa 10 har ya yi sumul, ki rufe ya huta rabin awa. Hutun nan kada ki tsallake shi, shi ke sa kwaɓi ya miƙu ba ya komawa baya. Ki raba gida 12, ki murza kowanne da kwalba ya yi faɗi, ki ɗora a busasshen kasko mai zafi sosai. Da ya fara ƙuraje ki juya, ki danna gefensa da tsumma mai tsabta. Ki riƙa jera su cikin zane, tururinsu ne ke tausasa su. Indiyawa suka kai shi Kenya da Tanzaniya, can kuma suka ƙara masa mai da ninki. Da miyar wake ko miyar tumati mai albasar Galmi, ba a magana.

Khubz ɗina na Larabawa ba ya kumbura ya yi aljihu. Me ya sa?

Aljihun tururi ne ke yin sa. Wuta mai ƙarfi tana rufe sama da ƙasa nan take, ruwan da ke tsakiya ya zama tururi ya raba shi biyu. Don haka dalilan ƙin kumbura uku ne: kasko bai yi zafi ba, ko murjin ya yi kauri a wani gefe da siranta a wani, ko ya huje. Ki bar kaurinsa milimita 4 zuwa 5 ko'ina, ki rufe shi ya huta minti 15 bayan murji, ki ɗauke shi a hankali. Ki juya shi tun bai daɗe ba, kamar daƙiƙa 20, sannan ki sake juyawa, a nan ne yake tashi.

A Makka na ci burodin tamis da ful, dafaffen waken nan nasu, har yau ina marmari. Ana iya yi a gida?

Hajiya, ana kusantarsa. Tamis da naan na Indiya da lavash na Armeniya, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2014, duk a bangon tanderun yumɓu ake manna su, irin wanda ake gasa gurasar Kano. Zafin wannan tanderu yakan haura digiri 400, shi ya sa minti biyu ya isa. Dabarar gida ita ce: ki yi kwaɓi mai laushi da fulawa rabin kilo, kindirmo giram 150, ruwa kusan mililita 180, yis da gishiri da ɗan sukari. In ya tashi ki miƙa shi, ki shafa ruwa a gefe ɗaya, ki manna gefen a kaskon ƙarfe mai zafi. Da ya yi ƙuraje, ki kifa kaskon a kan harshen gaz ko garwashi har saman ya yi tabo-tabo. Ruwan ne ke riƙe shi, don haka kaskon da abinci ba ya kamawa ba zai yi ba. Ki shafa man shanu da zafinsa.

Zan iya yin baget kamar na gidan burodi?

Gaskiya, da wuya. Haɗinsa ba komai: dokar Faransa ta 1993 ta ce burodin gargajiyarsu fulawa ne da ruwa da gishiri da yis ko tsamin gida. A 2022 UNESCO ta karrama sana'ar yin sa. Wahalar tana cikin gashi, don yana son digiri 240 zuwa 250 da tururi a mintocin farko, shi ke ba shi ɓawo mai ƙaras-ƙaras. Ƙaramin fur na gaz ba kasafai yake riƙe wannan zafi ba. In za ki gwada, ki kunna shi rabin awa kafin lokaci, ki sa farantin ƙarfe a ƙasa, ki watsa masa kofin ruwan zafi daidai lokacin da kika sa burodin. Amma a ganina, a garin da kowace unguwa, daga Yantala har Talladje, ake samun baget da zafinsa tun da sassafe, gara ki kashe gaz ɗinki kan abin da ba a sayarwa.

Ana gasa burodi mai tudu a tukunya?

Ana yi, kuma yana kyau ƙwarai. Hanya ta farko kin san ta daga kek: yashi mai tsabta ko duwatsu a gindin babbar tukunya, a bari su yi zafi, a ɗora gwangwanin kwaɓi a kai, a rufe. Wannan ta dace da burodi mai laushi.

Ta biyu ita ce kwaɓin ya zauna kai tsaye cikin tukunya mai kauri da ta riga ta yi zafi. Wani mai gidan burodi a New York, Jim Lahey, ya shahara da ita bayan jaridar New York Times ta buga bayaninsa a 2006. Ba a murzawa ko kaɗan. Fulawa rabin kilo, ruwa mililita 360, gishiri giram 10, yis rubu'in ƙaramin cokali, a juya da muciya a rufe. Su can awa 12 zuwa 18 suke bari, mu nan a bazara rabin haka ma yakan yi yawa. Lokaci ne ke gina danƙon a madadin hannu, murfin tukunya kuma ya tsare tururin da baget ke nema. A kan gawayi, garwashin saman murfi ya fi na ƙasa yawa, in ba haka ba gindi ya ƙone sama na fari. Rabin awa a rufe, sannan ki duba. In kin ƙwanƙwasa gindinsa ya yi ƙarar abu marar ciki, ya nuna. Kada ki yanka sai ya huce, cikinsa bai gama daidaita ba.

Mene ne bambancin kirep da fankek da baghrir?

Kirep na Faransa sirara ne, ba abin tayarwa a ciki: fulawa giram 250, ƙwai 3, madara rabin lita, ɗan gishiri, narkakken man shanu cokali 2. Madarar gari da aka dama ta isa. Ki zuba madarar kaɗan-kaɗan don kada ya yi gudaji, ya huta rabin awa a wuri mai sanyi tunda da ƙwai a ciki. Faransawa suna da ranar cinsa ta musamman, 2 ga Fabrairu.

Fankek na Amurka mai kauri ne: fulawa giram 250, nono mililita 300, ƙwai 2, sukari cokali 2, rabin ledar bekin fauda, bikarbonat rabin ƙaramin cokali. Sirrinsa kada a buga shi sosai. In ya ji maburgi, danƙo ya tashi, sai ya yi tauri. Ƴan gudaji ba laifi.

Baghrir shi na fi so wa buɗa-baki. Samul, wato tsakin alkama, mai laushi giram 250, fulawa giram 50, ruwa mai ɗumi rabin lita, yis ƙaramin cokali 1, bekin fauda leda 1, gishiri. A buga shi sosai, akasin fankek, ya huta har ya yi kumfa, a zuba ludayi ɗaya a kasko. Ba a juya shi. Samansa yana hujewa da ƙananan ramuka, su ke shanye zuma da man shanu. In ramukan ba su fito ba, ƙullun ya yi kauri, ƙara ruwa. Mai yin sinasir ba za ta ga baƙon abu a nan ba.

Gero da dawa muke da su. Sai alkama kawai ake burodi da ita?

Wannan tambayar ta fi kowace daɗa ni, don fulawa daga waje take zuwa da tsadarta, gero da dawa kuwa a rumbunanmu suke. Ba su da danƙo, haka ma masara da shinkafa, don haka ba za su tsaya su yi tudu su kaɗai ba. In burodi mai tudu kike so, ki sa kashi 1 na garin gero ga kashi 4 na fulawa, ya wuce haka sai ya yi nauyi yana marmashewa.

Amma al'ummun da hatsinsu irin namu ne ba su tsaya kwaikwayon burodin alkama ba, nasu suka ƙirƙira. Kisra zallar dawa ce da aka bari ta yi tsami, a shimfiɗa ta fale-fale a kan ƙarfe mai zafi. Injera da tef ake yin ta, wani hatsi mai ƙananan ƙwayoyi, amma a yankuna da dama na Habasha suna haɗawa da dawa. Suna barin ƙullun kwana 2 zuwa 3, su tsiyaye ruwan da ya taso sama su ajiye don tayar da na gaba. Kafin gashi sai su ɗebi kaɗan daga ƙullun su dafa shi kamar talge, su mayar ciki, shi ke ba shi jiki da laushi. A tsaunukansu sanyi ake, mu nan kwana ɗaya yakan isa. Ki gwada da farar dawa mai laushin niƙa, ki sa ludayin ƙullun masa ya zama iri, ki zuba a kasko daga gefe zuwa tsakiya, ki rufe har saman ya bushe.

Na niƙa masara na kwaɓa don tortiya, sai tsagewa take. Ina kuskuren?

Garin masara zalla ba ya haɗuwa. Mutanen Meksiko tun dubban shekaru suna dafa ƙwayar masara da ɗan farar ƙasa ta abinci, kusan giram 10 a kilo, ko da tokar itace. Ta kwana a ruwan, a wanke, a markaɗa da damshinta. Wannan dahuwa ce ke sa kwaɓin ya kama jikinsa, kuma tana sakin sinadarin niyasin, wanda rashinsa ke jawo cutar felagira ga masu dogaro da masara. Ruwan toka na itace mai tsabta zai yi miki. Farar ƙasar gini ko ta fenti kuwa, kada ki kusantar da ita ga abinci.

Kanwa za ta iya maye gurbin bikarbonat?

Dangi ne, don kanwa tana ɗauke da bikarbonat da wani gishirin da ya fi shi ƙarfi, shi ya sa take kashe tsamin ƙullun masa. Sai dai ƙarfinta ya bambanta daga wannan dunƙule zuwa wancan, kuma in ta yi yawa burodi ya yi rawaya da ɗanɗanon sabulu. Ga burodin mutanen Ailan, wanda ba ya buƙatar yis, ki nemi bikarbonat na abinci: fulawa rabin kilo, nono mai tsami mililita 400, bikarbonat da gishiri ƙaramin cokali ɗai-ɗai. A haɗa sama-sama, a tsaga samansa, a gasa minti 40 a tukunya.

Yara sun fi son burodi mai laushi. Nawa washegari ya yi tauri.

Ki ari dabarar Japan da Sin. Daga rabin kilon fulawarki ki ɗebi giram 25, ki dama da mililita 125 na madara ko ruwa, ki ɗora a wuta kaɗan har ya yi kaurin kunu. In ya huce ki zuba cikin kwaɓi, ki rage ruwan da kika riga kika yi amfani da shi. Dafaffen gari ya fi ɗanye riƙe ruwa. Dalilin da ya sa iyayenmu ke sa dafaffiyar shinkafa a ƙullun masa ke nan. Ƙwai ɗaya da cokali biyu na man shanu suna ƙara taimakawa. Kada ki sayi wani garin "gyara burodi" da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba.

An ce yis yana haifar da barasa. Da gaske ne?

Yis yana fitar da iska da ɗan barasa yayin da kwaɓi ke tashi, kuma zafin gashi yana kore mafi yawanta. Haka yake a fanke da masa da burodin da Musulmi ke ci daga Makka har Misra. Abin lura shi ne wasu bayanan kirep na Turai suna cewa a zuba giya a ƙullu. Ki bar ta, ki sa vanila ko kankararren ɓawon lemu.

Ana yin burodi ba tare da yis na kanti ba?

Haka aka yi shi tun zamanin Misra ta dā. Ki haɗa garin alkama da ruwa daidai wa daida a kwalba mai faɗin baki, ki rufe sama-sama. Kullum ki zubar da rabi ki ƙara sabon gari da ruwa, a bazara safe da yamma. Cikin kwana 5 zuwa 7 zai fara ninka kansa yana ƙamshin kindirmo. Yis na daji da ƙwayoyin tsami, irin masu tsamar da gasarar koko, su suka zauna a ciki. Giram 100 ya isa rabin kilon fulawa. In kin ga funfuna ko launin ja, ki zubar ki sake.

Burodin da Buzaye ke binnewa a rairayi, ba ya cika da ƙasa?

Tagella ke nan, abincin makiyaya daga Azawak, arewacin Tawa, har Abzin. Gari da ruwa da gishiri kawai, a murza sosai ya yi tauri, a yi shi kamar faifai. Ana hura wuta a kan rairayi mai tsabta, a ture garwashi, a kwantar da shi a rufe da rairayi mai zafi da toka, a juya shi sau ɗaya. Samansa yana bushewa nan take, don haka ƙasa ba ta shiga. A kakkaɓe, a goge, a gutsuttsura cikin miya ko man shanu. A Yamai ki nemi yashi wankakke da gawayin itace, ban da wutar da aka hura da leda ko roba.

Yaya zan ajiye shi?

Ban da firigo, sanyinsa yana hanzarta taurin burodi. Na kwana ɗaya ko biyu, ki naɗe a zane ki sa a kwano mai murfi. Da damina kada ki sa shi a leda da ɗuminsa, gumi zai kawo funfuna cikin kwana biyu. Na dogon lokaci, ki yayyanka ki sa a sashen ƙanƙara, in dai ba a yawan ɗauke muku kuran. Capati da khubz da suka bushe, ki yayyafa musu ruwa ki mayar kasko minti ɗaya. Wanda ya yi tauri sosai kuma ki tsoma a ƙwai da madara da sukari ki soya, ko ki daka shi ki ajiye garin don suyar kifi.